Gina siffofin teku da yumɓu kafin wa'adin zama ya ƙare

Cibiyoyin da ke saukar da masu fasaha su zauna su yi aikin yumɓu, irin Guldagergaard da ke garin Skælskør a gaɓar tekun Denmak, wa'adi suke bayarwa, shi kuwa yumɓu ba ya son gaggawa. Saboda haka ranar da ka sauka, fara tambayar yaushe za a kunna tanderu na ƙarshe, ka lissafa kwanakinka daga can zuwa baya. In mako 6 gare ka, gini ya tsaya a ƙarshen mako na 3. Sauran na bushewa ne da gashi biyu da ɗaurin kaya.

A makon farko ka yi 'yan faifan gwaji da yumɓun wurin. Ja layi mai santimita 10 a kan ɗanye, ka sake aunawa bayan gashi. Yumɓu mai jure wuta sosai yakan tsuke da kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari. Zaɓi wanda aka cuɗa da garin tsingaro, kamar kashi 20 zuwa 30, dabarar da maginan tukwane suka daɗe da sani: yana rage tsagewa, yana riƙe gini.

Babban kuskuren baƙo shi ne kwaso yashin bakin teku da ƙumba ya cusa cikin yumɓu don aiki ya yi kama da teku. Ƙumba alli ce. In wuta ta haura digiri 900 a ma'aunin Salshiyos sai ta koma ɗanyen farar ƙasa, bayan kwanaki ta sha raɓar iska ta kumbura, ka wayi gari fuskar aikin ta ɓantare, ga ɗan farin ɗigo a tsakiyar kowane rami. Yashin ma cike yake da ɓarɓashin ƙumba, gishirinsa kuma yana cin wayoyin tanderun lantarki. Siffar kawai za ka ɗauka: wanke ƙumbar, danna ta a jikin yumɓu mai taushi, ka cire. In mazubi ka yi da filasta, farin garin nan da ke daskarewa in an kwaɓa shi da ruwa, kada ko ƙwayarsa ɗaya ta faɗa cikin yumɓu, ɓarnarsu ɗaya.

Siffar murjani, halittar nan mai kama da dutse da ke girma a ƙarƙashin teku, da ta igiyar ruwa duk rassa ne da sirarun baki, nan wahalar take. Kaurin bango kada ya wuce santimita 2, cikin ya zama fanko, a huda ƙaramin rami a gindi. Kafin ka liƙa reshe, karce ɓangarorin biyu, shafa kunun yumɓu, kuma danshinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba nan zai rabu. Tallafe rassa da guntun soso har su yi ƙwari. Sirara kan riga jiki bushewa, sai ka naɗe bakinsu da leda ka bar jikin ya kamo su.

Gashin farko digiri 1000 ne ko kusa. Riƙe wutar ƙasa da 100 na wasu awoyi tukuna, don sauran danshi ne ke zama tururi ya tarwatsa aiki. Sassauta kuma wajen 573, hawa da sauka, inda ma'adinin yashin da ke cikin yumɓu ke sauya girma farat ɗaya.

Sai gilez, ruwan da ake shafa wa aiki kafin gashi na biyu, ya narke ya zama ƙyalli kamar gilashi. A tanderun lantarki, wajen digiri 1220, garin kofa kabonet, sinadarin jan ƙarfe, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na gilez yana ba da kore mai ratsin shuɗi, rabin kashi ɗaya na garin kobal, wani ƙarfe, kuma shuɗi. Kamannin kumfar teku, garin silikon kabayid da ake zubawa cikin gilez ke yin sa, yana tafasa gilez ya bar ramuka, amma gefensu kaifi ne kamar reza, sai an goge da dutsen wasa wuƙa. Irin wannan gilez yana zuba, don haka share gindi tas ka ɗora aikin kan faifan da ba ka jin asararsa, kada ka manne wa mutane kantar tanderu.

Tun kan gini ka auna akwatin da zai koma da kai gida. Babban aiki gara a gina shi gunduwa-gunduwa, kowace ta shiga kwali biyu, ɗaya cikin ɗaya da abin taushi tsakaninsu.