Yadda ake bin salsalar Turawan Ingila da suka fara zama a Amurka

Duk wanda ya fara wannan bincike abu na farko da yake so ya sani shi ne sunan jirgin da kakan ya shigo, kowa so yake a ce nashi a Mayflower ya zo. To ni dai shawarata ka manta da jirgin tukuna, shi ne abu na ƙarshe da za ka nema, kuma sau da yawa ma ba za ka taɓa samunsa ba. Mutum 102 ne kacal a cikin Mayflower da ya iso Plymouth ta Massachusetts a 1620, kusan rabinsu kuma sanyin farko ya kashe su, alhali tsakanin 1620 da 1640 mutum wajen dubu 20 ne suka tsallaka zuwa yankin New England da ke arewa maso gabashin Amurka kaɗai, ban da waɗanda suka nufi Virginia tun daga kafa Jamestown a 1607, da na Maryland daga 1634. Ka ga kenan yawancin zuri'o'in ba daga wancan jirgi ɗaya suka fito ba.

Daga yau ake farawa a koma baya, ɗaki bayan ɗaki. Ka rubuta wanda ake bin salsalarsa, sai iyayensa, sai kakanni, kuma kowane ƙulli sai ka samu takardar da ta ce wane ɗan wane ne kafin ka matsa, takardar haihuwa ko ta aure ko ta mutuwa ko wasiyya. Ƙidayar Amurka za ta ɗauke ka tafiya mai nisa, ana yinta duk shekara goma tun 1790, kuma ana buɗe sunayen bayan shekara 72, shi ya sa ta 1950 ta fito a 2022. Amma ka san abu biyu. Ta 1890 gobara ta ci yawancinta a 1921, akwai rami a nan. Sannan sai daga 1850 ne aka fara rubuta sunan kowane mutum a gida in ba bawa ba ne, kafin nan sunan maigida kawai za ka gani da adadin maza da mata ba suna. Daga 1850 zuwa baya nan aikin gaske yake farawa, nan ne kuma mutane da yawa suke gajiya su kwafi abinda wani ya ɗora a intanet.

Don Allah kar ka yi haka. Bishiyoyin nasaba da jama'a ke ɗorawa a Ancestry da FamilySearch suna da amfani wajen nuna maka inda za ka leƙa, amma in mutum ɗari suka kwafi kuskure ɗaya ba ya zama gaskiya, za ka ga an ba mace haihuwa tana shekara 60, ko an haifi ɗa kafin ubansa. Ni kaina na taɓa ɓata watanni ina bin wani John da na ɗauka shi ne nake nema saboda suna da gari sun yi daidai, sai da na buɗe wasiyyarsa na ga ya lissafa 'ya'yansa kaf babu wanda nake bi a ciki, ashe John uku ne masu sunan dangi ɗaya a garin lokaci guda. Abin ya min ciwo sosai amma daga ranar na daina yarda da suna kaɗai.

Da zarar ka tsallaka zuwa shekarun 1700 sai ka tambayi kanka, arewa ne ko kudu, domin hanyar ta rabu biyu.

In New England ne, wato Massachusetts da Connecticut da maƙwabtansu, to ka yi sa'a. Mutanen nan iyali-iyali suka zo, suka zauna gari-gari, kuma tun 1639 hukumar Massachusetts Bay ta ba da umarnin a riƙa rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Magatakardan gari ne ke riƙe da littafin, shi ya sa sanin sunan garin ya fi sanin jiha muhimmanci. An buga na garuruwa da yawa har zuwa 1850, ga kuma littattafan coci na baftisma. Kafin ka wahalar da kanka ka duba aikin Robert Charles Anderson da ake kira Great Migration, wanda ƙungiyar binciken nasaba ta New England da ke Boston ta ɗauki nauyi, ƙungiyar tun 1845 take kuma shafinta American Ancestors. Ya bi bakin farkon nan ɗaya bayan ɗaya, inda an san garin da mutum ya fito a Ingila ya faɗa da hujja, inda ba a sani ba ya ce ba a sani ba, wannan gaskiyar tasa ce ta sa nake girmama aikin. Masu neman Mayflower kuma ƙungiyar zuri'ar jirgin da aka kafa a 1897 tana da jerin littattafai da suka bi ɗaki biyar na farko, in ka iya haɗa naka da wani a cikinsu ka huta.

Virginia kuwa sai haƙuri. Yawancin waɗanda suka je can samari ne marasa aure da suka sayar da ƙarfinsu na shekara huɗu zuwa bakwai a gonakin taba don a biya musu kuɗin jirgi, mutuwa ta yi yawa, kuma littattafan coci kaɗan ne suka tsira. Abin takaicin ma lokacin yaƙin basasar Amurka gundumomi da dama sun kai takardunsu Richmond, babban birnin jihar, don a adana, sai gobarar Afrilun 1865 ta cinye su, ga kuma ƙidayar Virginia ta 1790 da ta 1800 su ma sun ɓace ta wata hanyar daban, da takardun haraji da suka fara daga 1782 ake cike gurbin. Amma akwai abinda ya rage mai daraja. Daga 1618 aka fara ba da eka 50 kan kowane mutum da aka biya wa kuɗin tsallakowa, kuma a takardar filin ana jera sunayen mutanen, Nell Marion Nugent ta tattara su a Cavaliers and Pioneers, hotunan asalin kuma suna ɗakin karatu na jihar Virginia. Sai dai ka kula, shekarar takardar filin ba ita ce shekarar isowa ba, ana iya neman filin bayan shekaru, ana ma sayar da haƙƙin hannu zuwa hannu, don haka mai filin ba lallai shi ne ubangidan mutumin ba kuma ba lallai a gundumar ya zauna ba. Akwai kuma ƙidayar farkon 1625 da ta jera mazauna gida-gida, da shekarun da yawa daga cikinsu da jirgin da suka shigo, an yi ta ne 'yan shekaru bayan harin da Powhatan, 'yan asalin ƙasar, suka kai wa Turawan a Maris 1622. Gundumar Northampton ma takardun kotunta ba su yanke ba tun 1632, in naka can ya zauna ka gode Allah.

Ko arewa ko kudu, wasiyya da takardar fili su ne ƙashin bayan aikin. Mutum zai ce na bar wa ɗana wane gonar da ke bakin rafi, bayan shekara 30 ka ga wani yana sayar da gonar yana cewa wadda na gada daga mahaifina, shikenan ka samu ƙulli ko da babu takardar haihuwa. Ka karanta har sunayen shaidu da maƙwabtan iyaka, don dangi da surukai tare suke ƙaura, sau da yawa sunan gidan su matar a nan yake ɓoye, kuma matan nan su suka fi ɓacewa a tarihi saboda da aure sunan mahaifinsu ke tafiya. A cikin waɗannan takardun za ka ci karo da abinda zai taɓa maka zuciya, sunayen bayi 'yan Afirka da na 'yan asalin ƙasar an jera su cikin dukiya tare da shanu da tukwane, an sa musu farashi. Ka rubuta sunayen nan ma kar ka tsallake, akwai jikokinsu da ke nema kuma wani lokaci layin nan ɗaya shi ne duk abinda ya rage na mutum.

Yanzu tarkuna, kuma na kalanda shi ya fi kama mutane. Kafin 1752 a Ingila da yankunan da take mulka shekara daga 25 ga Maris take farawa, ba 1 ga Janairu ba. Ka ga aure a Afrilun 1641 sannan haihuwar ɗan fari a Fabrairun 1641, sai ka ce an haife shi kafin aure, alhali wata goma bayan auren ne, don Fabrairun nan a lissafinmu 1642 ne, shi ya sa ake rubutawa 1641/2. George Washington kansa 11 ga Fabrairu 1731 aka rubuta haihuwarsa, daga baya ta koma 22 ga Fabrairu 1732. A Satumban 1752 aka tsallake kwana 11, daga 2 ga wata aka wayi gari 14. In ka ga 7ber Satumba ake nufi, 10ber Disamba, kuma wata na farko a rubutun lokacin Maris ne. Ni yadda nake yi ina kwafe kwanan watan yadda yake a takarda tukuna, sannan in sa fassarata a gefe.

Kalmomin dangantaka ma ba yadda ake fahimtarsu yau suke ba. "Junior" da "Senior" ba dole ɗa da uba ba ne, babba da ƙarami ne kawai cikin masu suna ɗaya a gari, in babban ya mutu ƙaramin ya zama "Senior". "Cousin" na iya zama ɗan wa ko ɗan ƙane, "son-in-law" na iya zama agola, "relict" kuma matar mamaci. In yaro ya rasu sukan maida sunansa ga na bayansa, sai ka ga Mary biyu a gida ɗaya. Rubutun suna kuwa yadda kunnen magatakarda ya ji haka yake rubutawa, mutum ɗaya a takarda ɗaya ana iya rubuta sunansa iri uku, don haka ka nemi kowace siga. Rubutun hannun ƙarni na 17 ma sai an koya, harafin s dogo kamar f, ff a farkon suna F babba ne, ma'adanar takardun ƙasa ta Birtaniya tana da darussa a shafinta, sati biyu na gwaji idonka zai fara buɗewa.

Sai tsallaka teku, wanda ya fi komai wuya. Jerin fasinjoji kaɗan ne suka tsira, ko jirage 11 da John Winthrop ya jagoranta zuwa Massachusetts a 1630 babu asalin jerinsu, na Mayflower ma William Bradford, gwamnan Plymouth da ya zo a cikinsa, ne ya rubuta bayan shekara 30. Mafi kauri shi ne na tashar Landan na 1635 da John Camden Hotten ya buga a 1874, sai rajistar Bristol ta masu aikin yarjejeniya daga 1654 zuwa 1686. A Ingila rajistar coci ta fara a 1538 bisa umarnin Thomas Cromwell, daga 1598 kuma ana aika kwafi ga bishop, in na cocin ya ɓace ka nemi wannan a ma'adanar gunduma, amma ka sa ran giɓi a shekarun 1640 zuwa 1660 saboda yaƙin basasarsu. Matsalar ita ce samun baftismar mai irin sunan a shekarar da ta dace ba hujja ba ce. Ka bi shi gaba a garin, in ka ga an binne shi can ko yana ta haihuwa can bayan lokacin da naka ke Amurka to ba shi ba ne. Hujja mai ƙarfi ita ce wasiyyar da aka yi a Ingila tana cewa ɗana da ke New England ko ɗan'uwana da ke Virginia, da yawansu suna cikin na babbar kotun gado ta Canterbury da ke ajiye a ma'adanar takardun ƙasa a Kew, Landan, ko kuma ka samu mata da miji da 'ya'ya uku duk sunaye da shekarunsu sun dace a ɓangarorin biyu sannan suka ɓace daga rajistar garin a shekarar da suka bayyana can.

Tsofaffin littattafan dangi na ƙarshen ƙarni na 19 ka riƙe su da hannu biyu amma ido a buɗe. Lokacin kowa na son a ce jinin sarauta ne, har wani Gustave Anjou da ya mutu a 1942 ya yi sana'ar ƙirƙiro nasabar ƙarya yana sayar wa masu kuɗi, kuma har yau ƙaryarsa na yawo a intanet. Labarin 'yan'uwa uku da suka zo tare ɗaya ya yi arewa ɗaya kudu ɗaya yamma kusan kowane gida na da shi, ka nemi takarda kafin ka rubuta. Tambarin gida da ake sayarwa da sunan dangi ma a Ingila mutum ɗaya ake ba da magadansa, ba duk mai sunan ba.

Gwajin DNA na taimakawa in ka san wanne. Wanda aka fi tallatawa bayan ɗaki biyar zuwa bakwai ƙarfinsa ya ragu, mutanen 1630 kuwa sun kai ɗaki goma ko fiye. Na Y da ke bin layin uba zuwa ɗa shi ke kaiwa can, a FamilyTreeDNA akwai rukunoni na sunayen dangi inda ake gwada maza masu suna ɗaya, zai iya nuna maka cewa gida biyu masu suna ɗaya a Virginia da Massachusetts ba su haɗa komai ba, ko ya haɗa ka da wani gida da har yanzu ke wata gunduma a Ingila sai ka san rajistar da za ka buɗe. Ba zai faɗa maka sunan uban ba dai, wannan sai takarda, kuma duk takardar da ka buɗe ka rubuta littafi da shafi da inda take ajiye tun a ranar, har waɗanda ka duba ba ka samu komai ba, don kar bayan shekara ka sake biyan kuɗin kwafin abinda ka riga ka karanta.