Yadda Ake Liƙa Fulogin XT60 Da XT90 A Wayar Batirin Jirgi Maras Matuƙi

Wanda ya saba liƙa ƙananan wayoyi da dalma yakan sha mamaki ranar da ya fara taɓa wayar batirin jirgi maras matuƙi mai farfela huɗu ko shida. Ya ɗora ayan, wato ƙarfen narkar da dalma, ya jira, dalma ta ƙi gudu, sai dunƙulewa take yi, can kuma robar fulogin da ke haɗa batir da jirgi ta fara narkewa. Ba rashin iya hannu ba ne. Jan ƙarfen da ke cikin waya mai kauri yana zuƙe zafi da sauri, ƙaramin ayan kuwa ba ya iya mayar da abin da aka zuƙe. Aikin duka ya rataya ne a kan shigar da zafi mai yawa cikin ɗan lokaci, a fita kafin roba ta ji.

Kayan aiki

Ka nemi ayan mai ƙarfin wat 60 zuwa 80 ko sama, wanda ake iya daidaita zafinsa, ka sa masa baki mai faɗi irin na kurfi. Baki mai tsini ba na wannan aiki ba ne, ko da ka murɗa zafin har ƙarshe, domin wurin da yake taɓawa kaɗan ne. A ganina faɗin baki ya fi lambar zafi muhimmanci.

Dalma mai 63/37, wato kashi 63 kuza, kashi 37 gubar dalma, tana narkewa a digiri 183 na Salsiyas, kuma ita ta fi sauƙin sarrafawa. Wadda ba gubar dalma a cikinta sai wajen digiri 217 take narkewa, don haka ta fi wahala a waya mai kauri. Sai fulas na rosin, man da ke wanke tsatsa ya sa dalma ta kwanta. Kada ka ɗauko na masu aikin famfo, akwai asid a ciki, zai ci wayar a hankali. Ragowar kayan: robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, salatif na lantarki, abin fere waya, mitar auna wutar lantarki, da wani abu da zai riƙe fulogin kam, don hannuwanka biyu duk suna da aiki.

Lambar AWG, ma'aunin kaurin waya, a juye take, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. XT60 ya fi dacewa da 12 ko 14, XT90 da 10, ƙaramin XT30 kuma da 16 ko 18. In ka tilasta waya mai lamba 10 cikin kofin XT60, wato ramin ƙarfen da waya ke zama a ciki, dole ka yanke wasu silalan jan ƙarfen, ka ga amfanin kaurin ya tafi.

Kafin ka yanka komai

Batirin LiPo, irin wanda waɗannan jirage ke amfani da shi, ba shi da makunni, kullum a kunne yake. Kowane sel, wato ƙaramin batirin da ke cikinsa, yana kai bolt 4.2 in ya cika, ke nan batir mai 4S, wato sel huɗu, yana da 16.8, mai 6S, wato sel shida, kuma 25.2, kuma yana iya zubo wuta mai yawan gaske a take. In ka datse jar waya da baƙa tare da almakashi ɗaya, bakin almakashin ne zai haɗa su. Tartsatsi, ƙuna, wani lokaci gobara. Saboda haka waya ɗaya ake yankewa, a liƙa ta, a rufe ta, sannan a taɓa ta biyun. Cire zobe da agogon ƙarfe. Ya fi kyau batirin ya kasance a wajen bolt 3.8 kowane sel, ba a cike ba.

Fulogi mace, mai ramuka a ɓoye, ita ke zama a jikin batir. Namijin yana gefen jirgi. An yi haka ne don kada ƙarfen da ke ɗauke da wuta ya fito fili. Dubi jikin robar, za ka ga alamar + da −. A XT60 gefen da ke miƙe shi ne na jar waya, gefen da aka sassabe kusurwoyinsa na baƙa.

Liƙawar kanta

Da farko ka soka wani fulogi, abokin wanda za ka liƙa, wanda babu waya ko ɗaya a jikinsa. Yana riƙe ƙarafan a miƙe idan roba ta yi laushi, yana kuma shan wani ɓangare na zafin. Mutane da dama suna tsallake wannan, daga baya fulogi ya ƙi shiga saboda ƙarfe ɗaya ya karkace. Matse su biyun a mariƙi, ka juya kofin ya kalli sama.

Zura robar tsukewa a wayar tun yanzu, ka tura ta can nesa da inda zafi zai kai. Fere bawon wayar daidai zurfin kofin, a XT60 kamar milimita 4 zuwa 5, ka murɗe silalan su haɗu, kada ko ɗaya ya yi gefe.

Sa ayan tsakanin digiri 380 da 420. Goge bakinsa, ka ɗan ɗiga masa dalma, domin wannan ɗigon ne ke kai zafi cikin wayar, busasshen baki ba ya yin komai. Shafa fulas a bakin wayar, ɗora ayan a ƙasanta, ka riƙa ba da dalma ta sama. Wayar ce za ta narkar da ita, ba ayan ba. Idan ta yi zafi sosai za ka ga dalma ta nitse tsakanin silalan kamar ruwa a auduga. Da bakin ya jiƙe ka tsaya. In ka ci gaba da ɗurawa, dalma za ta bi ta ƙarƙashin bawo ta sandarar da wayar, kuma daidai inda sandarewar ta ƙare nan girgizar jirgi za ta karya ta wata rana.

Koma kan kofin. Ɗan fulas, ɗora ayan a cikinsa, zuba dalma ta kai kamar rabi. Kada ka cika shi, wayar ma tana buƙatar wuri.

Yanzu haɗawa. Riƙe wayar da filaya, don za ta yi zafin da yatsa ba zai jure ba. Kwantar da bakinta a kofin, danna ayan a kanta yadda faɗin bakin zai taɓa waya da gefen kofi lokaci guda. Cikin daƙiƙu kaɗan dalmar ɓangarorin biyu za ta narke, wayar ta zauna. Ɗage ayan, amma hannun da ke riƙe da waya kada ya motsa har dalma ta daskare. Idan daƙiƙa goma ta wuce ba ta narke ba, janye, bari ya huce, ka duba bakin ayan ko ka ƙara fulas. Nacewa roba kawai za ta narkar.

Bari ya huce, jawo robar tsukewa ta rufe duk ƙarfen, ka busa mata iska mai zafi. Sai an gama wannan za ka yanke waya ta biyu, ka maimaita.

Dubawa

Kafin ka rufe kowane haɗi, ka ƙare masa kallo. Mai kyau dalmarsa a kwance take, ta lulluɓe waya ta manne da bangon kofi, ba rami, ba silin da ya leƙo. Dalma mai 63/37 tana sheƙi, amma wadda ba guba takan yi ɗan duhu ko da aikin ya yi, kada launinta ya ruɗe ka. Idan ta dunƙule a sama ba ta kama ƙarfen ba, sake shi. Ja wayar da ƙarfi ka gani.

Abin da ya sa ake wannan tsanani lissafi ne. Haɗin da ke da turjiya ta om 0.005 kacal, in amfiya 60 ta ratsa shi, zai fitar da zafin wat 18 a wuri ɗan mitsitsi. Wannan ya isa ya tausasa roba, ya kuma rage wa injinan jirgin ƙarfi yana sama.

Ɗora mita a fulogin batirin, jan tsinke a ramin +. In lambar ta fito da alamar ragi, ka juya wayoyin, kada ka kuskura ka jona shi. A gefen jirgi kuma, auna tsakanin + da − ka tabbata ba su haɗe ba. Mita na iya yin ɗan ƙara na ƙiftawar ido saboda kafasita, ɗan abin da ke tara wuta a cikin jirgin, wannan ba laifi, ƙarar da ba ta tsayawa ita ce matsala. Jonawar farko a yi ta ba farfela, ta cikin na'urar da ke taƙaita wuta in kana da ita. Ga manyan batura irin 6S zuwa sama, akwai XT90-S mai rage tartsatsin jonawa, liƙa shi kuma daidai yake da na XT90. In ka gama, wanke hannu da sabulu saboda gubar dalma, kuma ka yi aikin inda iska ke fitar da hayaƙin fulas.