Darasi na Takwas: Ambaliya, Wa Ke da Alhakin Shiri?

KARATU

Ruwa ya kwana yana zuba. Da asuba uwargida ta leƙa tsakar gida, ta ga kwata ta cika, ruwa yana komowa ciki maimakon ya fita.

"Maigida, taso ka gani. Wannan ruwan fa ba na sama kaɗai ba ne. Ja ne, ga tarkace a kansa."

Maigida ya fito. Ya kafa kara a bakin zaure, ya yi masa alama da gawayi daidai inda ruwa ya tsaya. Da ya idar da sallah ya duba, sai ya ga ruwa ya haura alamar da yatsa uku.

"Kogi ne ya kawo," in ji shi. "Tashi yara, ki ɗauko ledar takardu. Ni zan kwance awaki."

"Shinkafar fa? Buhu shida ne."

"Tun makon jiya kika ce mu kai ta gidan Yaya a tudu, na ce sai an kwana biyu. Bar ta. Yanzu rai ake ceto."

Ku karanta labarin sau biyu, sannan ku tattauna: me maigida ya yi daidai? A ina ya yi sakaci? Akwai wanda ya kamata ya sanar da su tun kafin kogi ya iso ƙofar gida?

DAGA INA RUWAN YAKE ZUWA?

Ambaliya iri biyu ce muka fi sani. Ta farko ta cikin gari ce: a yi ruwa mai ƙarfi, ya tarar da magudana cike da ledar fiya wata da shara, ko ya tarar an cike kududdufi an yi gini a kai. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Idan an toshe ta, sai ya bi ta ɗakin wani.

Ta biyu ta kogi ce, kuma ita ce mai ban tsoro, domin tana iya zuwa ranar da ko gajimare babu a garinku. Mutanen Ringim, Auyo da Haɗeja sun san wannan. Ruwan da ya sauka a ƙasar Kano yakan taru a madatsun Tiga da Challawa, ya gangaro ta Wudil, ya biyo kogin Haɗeja. Can ƙasa, wajen fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar kacalla da yashi sun cushe hanyoyin ruwa, don haka ba ya wucewa da sauri, sai ya fantsama cikin gonaki da garuruwa. Watan Agusta da Satumba ne lokacin da aka fi zama cikin ɗar-ɗar.

RABON ALHAKI

Idan ambaliya ta wuce, magana biyu ake ji. Wasu su ce ƙaddara ce. Wasu su ce laifin gwamnati ne. Ruwa kam Allah ke saukar da shi, ba mai musu. Amma an karantar da mu cewa mutum ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Abin tambaya shi ne, a wannan lamari igiya nawa ce, kuma kowace tana hannun wa?

Igiyar farko tana hannun mai gida. Shi zai yashe kwatar ƙofar gidansa kafin ruwan farko. Shi zai hana a zuba shara a lambatu. Idan ginin ƙasa ne, ya yi wa gindin katanga yaɓe, ya gyara indararo, domin ta gindi ruwa ke cin gini har ya faɗo wa masu barci. Idan zai sayi fili, ya je ya gan shi da damina, ya kuma tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa. Filin da aka karya wa farashi da rani, sau da yawa kwari ne.

Ta biyu tana hannun unguwa. Mutum ɗaya ba zai ɗaga jinga ba, sai gayya. A garuruwan bakin kogin Haɗeja matasa kan kwana a kan jinga da fitila da buhunan yashi, suna toshe duk inda ya fara tsatsa. Aiki ne na a yaba. Sai dai sau da yawa ba a fara neman buhu sai ruwa ya zo wuya. Kamata ya yi tun watan Mayu mai unguwa da liman da shugabar mata da shugaban matasa su zauna su yanke abu uku: wa zai riƙa duba kogi, da me za a yi shela cikin dare, kuma wane tudu za a nufa. A kuma san gidajen da ke da tsoho, ko mai ciki, ko makaho, ko gurgu, a ba kowane gida saurayin da zai fara zuwa can.

Igiya ta uku, wadda ta fi kauri, tana hannun hukuma. A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin talaka yakan ɗauki laifin da ba nasa ba.

A daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwan kogin Ngadda ya shiga Maiduguri mutane suna barci. Ya shiga Gwange, ya shiga Kasuwar Monday, ya kai har fadar Shehu. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Kadoji da macizai suka fito daga gidan namun daji. Shekara 30 kafin nan, a 1994, ruwan wannan madatsa ya taɓa cin garin. To, wane magidanci ne a Gwange zai gyara madatsa da fartanyarsa? Duba lafiyar madatsa, yashe ta, da sanar da jama'a kafin a saki ruwa, aikin gwamnati ne.

Ga wani misali. Madatsar Lagdo tana ƙasar Kamaru, a kan kogin Binuwai. Idan ta cika aka saki ruwanta, sai ya gangaro Adamawa, Taraba, Binuwai, har Lokoja inda yake haɗuwa da kogin Kwara. Tun da aka gama ta a 1982 ake maganar gina wata a Dasin Hausa, cikin Adamawa, don ta tare ruwan. Ambaliyar 2012 ta zo, ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, ba a gina ba. Ta 2022 ta zo, ta kashe fiye da 600, ba a gina ba.

Hukumomin da ya kamata ku san sunansu ga su. NiMet ke fitar da hasashen damina a farkon shekara. NIHSA ke lura da koguna, kuma kowace shekara takan bayyana jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. NEMA ita ce ta agajin gaggawa ta ƙasa, kowace jiha kuma tana da tata, wato SEMA. Akwai kuma kuɗin kula da muhalli da ake ware wa jihohi da ƙananan hukumomi daga asusun tarayya. Matsalar ita ce, gargaɗi yakan fito a Abuja da Turanci, ya maƙale a ofis, bai kai kunnen mai noman shinkafa a fadama ba. Gargaɗin da bai iso lasifikar masallaci da dandalin kasuwa ba, da shi da babu duk ɗaya.

Buhun masara da tabarma da ake rabawa a sansani bayan ɓarna taimako ne, a karɓa a gode. Amma kada ya rufe muku baki. Kuna da haƙƙin tambayar kansila da shugaban ƙaramar hukuma, tun da rani, me aka tanada.

RANAR DA RUWA YA SHIGO

A kashe wutar lantarki daga babban makunni. A kwance dabbobi, domin dabbar da ke ɗaure ba ta iya ceton kanta. A fita da wuri, a nufi tudu. Kada a ratsa ruwa mai gudu: wanda bai kai gwiwa ba ma yana kayar da ƙato, kuma ba ka ganin ramin da ke ƙasa. Kada a cika kwale-kwale fiye da kima. Lambar kiran gaggawa ita ce 112.

Ledar takardu kuwa, a haɗa ta yau: katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardar fili, takardun makarantar yara, katin asibiti, da maganin da wani ke sha kullum. A ɗaure ta sau biyu, a rataye inda hannu zai kai cikin duhu.

BAYAN RUWA YA JANYE

Nan ne amai da gudawa ke shigowa, saboda masai ya haɗu da rijiya. Kada a sha ruwa sai an tafasa. Wanda gudawa ta kama, a dama masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, ya riƙa kurɓa, a kuma garzaya da shi asibiti. A kwana cikin gidan sauro. Kada a koma ɗakin ƙasa da ya jiƙe sai magini ya duba shi, kuma a zunguri kaya da sanda kafin a sa hannu, saboda maciji.

AIKI

1. Kwafi waɗannan kalmomi sau uku-uku: ambaliya, madatsa, jinga, magudana, gargaɗi, alhaki.

2. Unguwa tana da gida 45. Kowane gida zai kawo buhu 6 na yashi. Buhu nawa za a tara? Idan jinga tana buƙatar buhu 400, saura nawa za a nema?

3. Zana hanya daga gidanka zuwa tudu mafi kusa. Sa alama a duk inda ruwa ke yanke hanya.

4. Ku haɗu uku-uku ku rubuta wa kansilanku wasiƙa mai layi biyar. Ku faɗi sunan magudana ko gadar da ta toshe, ku faɗi abin da unguwa za ta yi da kanta, ku faɗi abin da kuke nema daga ƙaramar hukuma. Ku sa kwanan wata, ku ajiye kwafi ɗaya a wurin mai unguwa. Ku zo da wasiƙar mako mai zuwa, za mu karanta a aji kafin a kai.