Yadda Ake Shirya Gida Kafin Sanyin Kanada da Arewacin Amurka

A watan Oktoba ake yin wannan aiki, tun ƙanƙara ba ta sauka ba. Fara da bututun ruwa, don nan ɓarna ta fi tsada. Ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari. Ƙanƙarar ta toshe bututu, ruwan da ya maƙale tsakaninta da famfon da ke rufe ya rasa mafita, sai bututun ya tsage. Sau da yawa ba a ankara sai ta narke, a ga ruwa yana ɗiga daga silin.

Cire tiyon ban ruwa daga famfon waje, rufe makunninsa na cikin gida, sannan ka buɗe famfon ya tsiyaye. Bututun da ya bi ta gareji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa, naɗe shi da soson bututu. Daren da sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius, buɗe ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumi ya shiga, ka bar famfo yana ɗiga. Ko tafiya za ka yi, kada ɗumin gida ya gaza digiri 13 na Celsius. Kowa a gidan ya san inda babban makunnin ruwa yake. In bututu ya riga ya daskare, buɗe famfon ka hura masa na'urar busar da gashi, daga bakin famfo zuwa baya. Ban da harshen wuta.

Kwashe ganyen da ya cika indararo, a liƙe kafofin taga da ƙasan ƙofa, mai gyara ya duba na'urar ɗumama gida ya canja matatarta.

Abin da ke kisa kuwa hayaƙi ne marar wari, wato kabon monoksaid. A Fabrairun 2021 sanyi ya katse wa gidaje sama da miliyan 4 lantarki a jihar Texas, hukuma ta ƙirga mutum 246 da suka mutu, wasunsu wannan iska ce ajalinsu. Kaskon gawayin da aka saba da shi lokacin hunturu kada ya shiga gidajen Kanada da Amurka, domin a liƙe suke ruf. Haka murhun gas, ba na ɗumama ɗaki ba ne. Janareta a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ba a gareji ba ko da ƙofarsa a buɗe take. Sa ƙararrawar gano wannan iska kusa da ɗakunan kwana, ka gwada batirinta. Bayan kowace dusar ƙanƙara, leƙa bututun da ke fitar da hayaƙin na'urar ɗumama ka share bakinsa. In ya toshe, hayaƙin zai dawo cikin gida.

Hitar lantarki a bar mata tazarar mita 1 daga labule da katifa, a jona ta kai tsaye a soket ɗin bango. Tanadi na kwana 3: ruwa lita 4 ga kowane mutum a rana, abincin da ba sai an dafa ba, magunguna, tocila da barguna.