Kurakuran da aka fi yi wajen saita fuskar kwamfuta da yadda ake gyara su

Da yawa daga kwamfutocin tafi-da-gidanka da ɗalibai da ma'aikata ke saye a Sakkwato na hannu ne, kuma sukan iso da saitin ƙasar da aka fara amfani da su. Abin da mai saye ya fi gaggawar yi shi ne ya ɗora hoton da yake so a fuskar kwamfutar, wato Desktop, ya sauya launi, alhali agogo da tsarin kwanan wata da girman takarda duk suna nan yadda baƙo ya bar su. A ganina wannan shi ne tushen yawancin wahalar da ke biyo baya.

Agogo ya kamata a fara dubawa. Idan lokacin ya saɓa, mutane sukan gyara shi da hannu su bar yankin lokaci a kan na Amurka, sai kwamfutar ta sake karkatar da shi duk sa'ad da ta hau intanet. Gyaran shi ne a danna maɓallin Windows tare da harafin I, a shiga sashen lokaci da harshe, a zaɓi yankin Afirka ta Yamma ta Tsakiya, wato UTC+01:00, wanda Najeriya ke kai. Idan kuma kullum aka kunna ta sai ta koma wata shekara da ta wuce, to ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a cikinta ne ya mutu, kuma sai an sauya shi. Kada a raina wannan, domin kwanan wata marar daidai yana sa shafukan intanet su ƙi buɗewa, mutum ya yi ta zargin kamfanin layinsa ba gaira ba dalili. A wannan sashen ne kuma ake mayar da tsarin yanki, wato Regional format, zuwa na Najeriya, saboda a tsarin Amurka 03/04 yana nufin 4 ga Maris, mu kuwa 3 ga Afrilu muke karantawa.

Girman takarda ma haka yake. Word yakan zo a kan takardar Letter, wadda ta fi A4 faɗi kaɗan amma ba ta kai ta tsawo ba, don haka ɗalibi ya tsara kundinsa tsaf, ya kai shagon buga takardu, sai shafuka su zame. A mayar da shi A4 tun kafin a rubuta layin farko.

Kuskuren da ya fi ba ni tausayi shi ne mayar da fuskar kwamfuta rumbun ajiya. Wannan fuskar folda ce kawai da ke zaune a ɓangaren C, inda Windows kansa yake, saboda haka ranar da kwamfutar ta ƙi tashi, mai gyara ya ce sai an goge an sake lodi, duk abin da aka jibge a nan yana iya tafiya. Na taɓa zama kusa da wani ɗalibin ajin ƙarshe a shagon gyara, ya dafe kai da hannu biyu bayan an gaya masa cewa babi huɗu na aikinsa sun bi lodin. Takardu masu muhimmanci a ajiye su a wani ɓangaren daban, a kuma yi musu kwafi a filashi ko a Google Drive. A fuskar kuwa a bar 'yar alamar da ke kai mutum wurin fayil ɗin, amma a san cewa alamar ba fayil ba ce. Ana gane ta da ƙaramar kibiya a kusurwarta ta hagu daga ƙasa, kuma wanda ya kwafe ta zuwa filashi ya tafi da ita, hanya ya ɗauko, gidan yana nan inda ya bar shi.

Masu ganin rubutu ya yi musu ƙanana sukan rage ƙudurin allon, wato Resolution, yawan ɗigon da ke haɗa hoto, misali daga 1920×1080 zuwa abin da bai kai haka ba, sai rubutun ya yi girma amma ya yi dishi-dishi, hotuna su baje. Daidai shi ne a bar lambar da Windows ya ba da shawara, a ƙara ma'aunin girman rubutu zuwa kashi 125 ko 150. Idan alamomin fuskar kaɗai ne suka yi ƙanana, a danne Ctrl a murza tayar linzami.

Wajen ado, hoto fayil ne mai ƙarewa da jpg ko png. Duk “hoton bango” da aka sauko da shi ya zo da exe a ƙarshen sunansa manhaja ce, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga. Windows yana ɓoye ƙarshen sunayen fayil tun asali, don haka yana da kyau a kunna nuna su. Hotuna masu motsi kuma suna cin batiri suna ƙara wa na'ura zafi, abin da bai dace da garin da zafinsa ke haura digiri 40 a bazara ba, balle ga ɗauke wuta. Saboda wannan ɗauke wutar ne ya fi kyau a saita rufe murfi ya kai ta dogon barci, wato Hibernate, wanda ke adana aiki a faifai, domin gajeren barci yana ci gaba da shan batiri a cikin jaka.

Sai harshe. Masu rubuta Hausa da yawa ba su san Windows yana da kibod na Hausa ba, sai su rubuta baki inda suke nufin baƙi. A ƙara Hausa a sashen harshe, a riƙa sauyawa da maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara, sannan a danne Alt na dama tare da k ko d ko b domin a sami ƙ da ɗ da ɓ.