Yadda Ake Ƙiyasta Nauyin Aikin Lauyoyin da ke Kare Marasa Hali a Amurka

Tun 1973 ofisoshin waɗannan lauyoyi da yawa a Amurka ke bin tsohon ma'auni: lauya ɗaya kada ya wuce manyan laifuka 150 ko ƙananan laifuka 400 a shekara. Aibinsa, ya yi wa shari'ar kisan kai da ta fasa shago kuɗin goro. Yanzu sa'o'i ake ƙirgawa.

Da farko a tsayar da abin da ake kira shari'a ɗaya. Tuhuma biyar a kan mutum ɗaya daga aukuwa guda, shari'a ɗaya ce, kuma tuhuma mafi nauyi ce ke ba ta aji. In wani ofishi na ƙirga tuhuma, wani na ƙirga mutane, lissafi ya ɓaci tun daga tushe.

Sai a ba kowane aji sa'o'insa. Binciken da cibiyar RAND da ƙungiyar lauyoyin Amurka suka fitar a 2023 ya ba kisan kai sa'o'i 248, laifin lalata 167, babban laifi mai sauƙi 35, ƙaramin laifi mai sauƙi 13.8.

Masu son alƙalumansu na jiha sukan sa lauyoyi su riƙa rubuta lokacinsu na wasu watanni. A nan ake faɗawa rami. Lauyan da fayiloli suka yi wa katutu, wanda ke ganin wanda yake karewa na minti goma a bakin kotu, abin da ya iya yi zai rubuta, ba abin da shari'ar ke buƙata ba. Shi ya sa ake haɗawa da tsarin Delfi: ƙwararrun lauyoyi su ƙiyasta lokacin kowane aiki a ɓoye, kamar ziyarar gidan yari, neman shaidu, kallon bidiyon kyamarar jikin ɗan sanda, su ga matsakaicin amsoshi, su sake, har baki ya zo ɗaya.

Saura ninkawa da rabawa. A ce ofishi ya karɓi manyan laifuka masu sauƙi 600 da ƙanana 1,500: sa'o'i 21,000 da 20,700, jimla 41,700. A raba da 2,080, wato sa'o'i 40 sau mako 52, lauyoyi 20 ke nan. Amma wannan 2,080 ɗin bai san hutu, jinya ko horo ba. In bayan an cire su saura 1,700, ofishin na buƙatar lauyoyi 25.