Darasi na 6: Wa za mu ɗora a gaban ƙungiya?

Iyayena da 'yan'uwana, barkanmu da warhaka. Darasin yau kan shugabanci ne, amma na nan kusa da mu, shugabar asusun mata, shugaban kwamitin famfo, mai unguwa, irin mutanen da in sun yi daidai a tukunyarmu za mu gani, in sun kauce ma a tukunyarmu za mu gani.

Mu ɗauki asusu tunda shi kowa ya sani. Tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka fara shi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu har ƙauyukanmu na Damagaram. To a ce mata 25 ne, kowacce tana zuba dala ɗari, wato sefa 500, a sati, kun ga jaka sha biyu da rabi ke nan, wato sefa 12,500, kafin wata ya ƙare an tara jaka hamsin, kuɗin ƙosai ne da ƙuli-ƙuli da awara da aka tara da gumi, shi ya sa abu na farko da za ku duba shi ne amana. Shugaba ta gari ba ta buɗe akwati sai a gaban kowa, a zazzage kuɗin a kan tabarma a ƙirga da ƙarfi, a rubuta a kaye, wato littafin rubutu, a karanta kowa ta ji da kunnenta. Mabuɗan ma ba a hannunta suke ba, an rarraba su hannun wasu mata, akwatin kuma yana ɗakin wata daban. Duk wadda kuka ji ta ce ai ba sai an ƙirga ba, ba ku yarda da ni ba ne? to wallahi a nan ne ya kamata a ƙirga sau biyu. Mai gaskiya ba ta jin haushin lissafi.

Sai adalci, kuma shi ya fi wuya, don nan zumunci ke shigowa. Ƙanwar shugaba ta ci bashi lokacin biya ya wuce, kishiyarta ma ta ci bashi lokaci ya wuce, tarar da aka ɗora wa wannan ita za a ɗora wa waccan, in shugabar ita kanta ta makara zuwa taro ta fara zuba tata tarar kafin ta buɗe baki. Haka yake a bakin famfo. Mu nan Zinder ba sai an gaya mana tsadar ruwa ba, lokacin zafi bido-bido a jere tun asuba, ranar da shugaban kwamiti ya tsallakar da bidon gidansu gaba, daga ranar ba wanda zai ƙara bin layi.

Haƙuri da saurare kuma dole ne, shugaba ai juji ne, kowa da sharar da zai kawo. Akwai tsohuwar da ba ta magana a taro don kunya, a tambaye ta, sau da yawa ita ke da shawarar.

Ya kasance kuma mai hangen gaba. Sarkin Damagaram Tanimu ya rasu tun 1884 amma har yau ana ambatonsa saboda ganuwar da ya zagaye Birni, tsohon garin Zinder, da ita. Namu bai kai nan ba, amma shugabar da ta ce a ware wani abu tun kaka don bazara, lokacin da hatsi ke tsada a kasuwar Dole, ita ma ta hango.

Abin da ni ban yarda da shi ba, a zaɓi mutum don yana da kuɗi ko don matar wane ce ko don ya fi kowa baki. In ba ta iya karatu ba wannan ba matsala ba ne, a ba ta magatakarda, ita ma ta zo aji.

Aiki: ku ɗauko kaye ku lissafa, mata 30 kowacce dala hamsin a sati, nawa suka tara a sati huɗu? Bayan haka kowa ya rubuta hali biyu da yake so ga shugaban ƙungiyarsu, ba tare da kama suna ba, sati mai zuwa za mu karanta a aji.